Aiken Inna Zuwa Kambodiya

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A ofishin malamai tambaya, a gidan suna tambaya, har a motar Ɗambatta wata mata da ban taɓa gani ba ta taɓo ni ta ce, "Ba ke ce kika je ƙasar da ake cin maciji ba?" Malama Asabe kuwa, da muke koyarwa a firamare ɗaya, cewa ta yi in ban rubuta ba kullum tana gidana da la'asar har sai ta ji ƙarshen labari. To, ga shi na rubuta. Kowa ya karanta ya bar ni in sarara.

Da farko dai ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba, aike ne. Ƙanena Nazifi, autanmu, ya tafi Malesiya karatun kwamfuta, ya gama, ya sami aikin koyarwa a Kambodiya. Muna ta jiran ya faɗi ranar dawowa, sai ya bugo waya ya ce ya ga matar aure. Sunanta Rohima, Musulma ce, tare suka yi karatu. Inna ta saurare shi har ya gama, ta miƙo mini wayar. Da aka kwana biyu ta kira ni ɗakinta.

"Saude, ke za ki je ki gano mini," in ji ta. "Ni ban san mutanen nan ba. Ban san abin da suke ci ba, ban san yadda suke binne mamatansu ba. Abin da kika gani shi na gani. In kin ce a'a, to a'a ce."

Tun rasuwar Baba ni ce babba a ɗakinmu, ba yadda zan yi. Maigidana ya amince, Nazifi ya aiko da tikiti, na sha jeka ka dawo a Abuja kan biza. Sai da aka yi dogon hutu, gero yana fitar da kai, sannan na tashi. Kuma in faɗa muku gaskiya, tun kafin in taka jirgi na gama yanke hukunci a raina. A'a zan ce. Yaron da Inna take sa a share wa ɗaki duk Juma'a, shi za a ce wata ta riƙe a bayan teku?

Wata Hajiya 'yar kasuwa daga Kano, mai zuwa sarin kayan yara, ita aka haɗa ni da ita har Bankok, babban birnin Tailan, inda Nazifi zai tare ni. Tsarabar farko da ƙasar ta yi mini ita ce wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa da ya zo ya zauna gaban akwatina a filin jirgi ya ƙi tashi. Aka buɗe, aka ɗauke kilishin da Inna ta sa aka yo musamman, wai ba a shiga da nama. Daddawa kuwa ma'aikacin ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya yi sauri ya mayar mini da abata.

Nazifi ya rame, ya tara gemu. Muka gaisa, na yi ƙoƙari ban yi kuka ba. Sai ya dubi akwatin ya ce, "Yaya, wannan fa ba zai bi mu ba. Ta ƙasa za mu je, mota zuwa mota."

Ya fito da wasu jakunkuna biyu masu igiyoyi, irin waɗanda Turawa 'yan yawo suke goyawa. Muka raba kuka da daddawa da yaji da atamfofin tsaraba a ciki. Hajiya ta karɓi akwatin da murna, ta ce dama tana neman inda za ta zuba takalma. Na goyi 'ya'ya huɗu a rayuwata, amma ban taɓa goyon da ba ya motsi, ba ya kuka, sai nauyi ba. Ga zafi. Namu zafin ƙuna yake yi, nasu kuwa kamar mutum ya cusa kansa cikin madambaci. Hijabina ya jiƙe sharkaf kafin mu kai titi.

Masaukin da ya kai ni gado ne a kan gado, kamar na 'yan makarantar kwana, ɗakin mata daban, na maza daban. A saman gadona akwai wata doguwar Bajamushiya mai suna Katrin. Da asuba na shimfiɗa ɗankwali a ɗan lungun da ke tsakanin gadaje na tayar da salla. Ina cikin sujada sai na ji an diro daga sama, an dafa kafaɗata ana jijjiga ni. Ashe ta farka ne ta hango mutum kife a ƙasa, ta zaci faɗuwa na yi. Da na sallame na yi mata bayani da ɗan Turancina na aji, ta rufe fuska don kunya, ta yi ta ba ni haƙuri. Daga ranar ta liƙe mana. Ita ma Kambodiya za ta.

Kasuwar da muka shiga, in aka ɗauko ta Ɗambatta ranar da ta fi cika aka ajiye a ciki, sai an yi cigiya. Abin da ya fara ba ni mamaki, mata ne da kasuwar. Mace ce mahauciya, mace ce mai kifi, mace ce ke turo kura tana daka wa maza tsawa su kauce. Ciniki kuwa da kalkuleta ake yi: ta danna ta nuna miki, ki girgiza kai ki danna naki, har ku daidaita ba wanda ya ji harshen wani. A wani layi muka tarar da Turawa sun yi cincirindo suna ɗaukar hoton wani faranti, suna ta ihu. Na leƙa, sai na ga fara ce soyayya. Na ce a zuba mini. Ina ci suna kallona kamar mai wasa da wuta. Ta soyu, ba laifi, yaji ne dai bai ji ba, na kwance jakata na barbaɗa namu. Mai farar ta ɗanɗana, ta yi tari, ta ɗaga mini babban yatsa. Amma kunamun da ke farantin gefe, na ce Allah ya ba masu ci lafiya. Maciji kuwa, ga amsarku, ni dai ban ci ba.

Wajen abinci Nazifi ya koya mini dabara: duk rumfar da ka ga mai ɗankwali a bayan tukunya, ko alamar jinjirin wata, nan za ka zauna. Matsalata da su ɗaya ce, sukari. Har a miya suke zubawa. Akwai ranar da aka kawo mini shinkafa mai danƙo da yankakken mangwaro a kai, an kwarara madarar kwakwa. Shinkafa da mangwaro! In na ajiye wa maigidana wannan a matsayin abincin rana, sai ya tara mini dangi. Na ci don kada in kunyata Nazifi, kuma kada ku gaya wa kowa, na ƙara.

Gidajen bautarsu suna ko'ina, rufinsu na ƙyalli kamar an shafe da zinare. Ni dai na ce ba zan shiga inda ake sunkuya wa gunki ba, na zauna a bakin ƙofa inda takalma suke jere kamar na masallacin Juma'a. Can sai ga Katrin ta dawo rai a ɓace. Mai gadi ya hana ta shiga saboda gajeren wando. Na zaro zanen atamfa daga jaka na ɗaura mata, na soke mata shi a hagu yadda ya kamata. Mai gadin ya dube ta, ya dube ni da hijabina har gwiwa, ya haɗa tafukansa a ƙirji ya rusuna mini. Haka suke gaisuwa. Su ma ashe sun san a rufe jiki a wurin ibada.

Daga Bankok muka hau doguwar mota zuwa kan iyaka. Gonakin shinkafa ne hagu da dama, ruwa kwance, ba ka ganin jar ƙasa ko kaɗan. A iyakar kowa ya sauka ya goyi kayansa, aka bi layi a ƙafa. Turawa ana ta buga musu hatimi suna wucewa. Da aka zo kanmu, ma'aikacin ya ga koren fasfo, ya juya shi gaba da baya, ya ce mu koma gefe. Aka kai mu wani ɗaki aka shiga tambaya: ina za ku, wa kuka sani, wace ce wannan, me ke cikin ƙullin nan? Nazifi yana amsawa a natse, yana fito da takardun aikinsa. Ni kuwa zuciyata tana tafasa.

"Kullum haka ake yi maka?" na tambaye shi da Hausa.

"Kusan kullum, Yaya. Ki yi murmushi kawai. In kika ɗaga murya a nan, kin ɓata."

Sai na ji tausayinsa ya kama ni. Bai taɓa faɗa mana wannan a waya ba.

Da aka sallame mu na tabbata motar ta tafi. Muna fitowa sai muka hango ta a tsaye, fasinjoji suna leƙowa ta taga, kwandasta ya ɗora hannu a ka. Katrin ce zaune daram a matakalar ƙofar motar, ta miƙe dogayen ƙafafunta waje, tana cin ayaba. Ashe cewa ta yi ba mai rufe ƙofar nan sai an ga 'yar'uwarta. Ban san lokacin da na rungume ta ba. A garin gaba muka rabu, na bar mata zanen.

Garin yana kusa da Angkor, tsofaffin gidajen bauta na dutse da aka gina tun zamanin da. Nazifi ya ce yawancinsu kufai ne yanzu, don haka na yarda na shiga. Wani keke da babur ke ja, ɗan'uwan A Daidaita Sahu, shi ya yi ta yawo da mu. Ba zan iya kwatanta muku girman wurin ba. Duwatsu ne manya aka ɗora kan juna ba siminti, wasu bangayen kuma itatuwa sun fito ta cikinsu, saiwoyi sun rungume gini kamar na tsohon gamji. Amma abin da ya tsayar da ni wani dogon bango ne da aka sassaƙa mutane a jikinsa. Ba sarakuna kaɗai ba. Ga mata a kasuwa suna awo, ga wata tana hura wuta a murhu, ga wata tana naƙuda an riƙe ta, ga wata ta sa kan 'yar'uwarta a cinya tana duba mata ƙwarƙwata. Na tsaya ina kallon wannan ta ƙarshen. Sak tsakar gidanmu ranar kitso. Duk sun mutu, ba wanda ya san sunan ko ɗaya.

Ruwa ya tsuge, muka fake a wani lungu. Nan na yi tambayar da nake ta juyawa tun daga gida.

"Nazifi, in an ɗaura auren, yaushe za ka kawo ta gida?"

Ya mai da ido kan ruwan da ke zuba daga dutse. "Za mu riƙa zuwa, Yaya."

"Ba zuwa na tambaye ka ba."

"Ita kaɗai ta rage wa mahaifiyarta. Ba zan iya ɗauke ta in bar tsohuwa ba kowa ba."

"Taka tsohuwar fa? Kai daga sama ka faɗo?"

Na faɗa masa maganganu masu zafi, har wasu 'yan yawo suka waiwayo. Bai rama ba. Abin da ya ce kawai, "Ki bari ki gan su tukuna." Har muka koma masauki ban ƙara yi masa magana ba.

Ƙauyen su Rohima yana bakin kogin Mekong. Mota ta kai mu wani gari, babur ya kai mu bakin ruwa, jirgin fito ya tsallakar da mu. Gidajensu na katako ne a kan dogayen turaku saboda ambaliya, mutane a sama, shanu a ƙasa, farare dogaye kamar na Fulaninmu. Muna hawa gaɓa aka kira sallar la'asar. Tun da na bar Kano ban ji kiran salla a sarari haka ba. Yara suka biyo mu suna sallama, suna taɓa hannuna su ga ko baƙin zai goge. Mutanen ana kiransu Cam, Musulmi ne tun kaka da kakanni a tsakiyar masu bin addinin Buda.

Rohima ta sauko da gudu, 'yar siririya cikin farin hijabi. Ta kama hannuna ta kai goshinta ta ce, "Sannu da suwa, Yaya." Na so in ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mini. Mahaifiyarta, da kowa ke kira Mak, tana tsaye a saman matakala, 'yar ƙaramar tsohuwa da ba ta kai kafaɗata ba, ta naɗe kai da wani ƙyalle mai gida-gida.

Ban samu na yi binciken da na zo yi ba, don washegari zazzaɓi da ciwon ciki suka kayar da ni. Nazifi ya kawo magani daga kemis, amma Mak ba ta gamsu ba. Ta kore shi, ta kwantar da ni rubda ciki, ta shafa mini wani man zafi a baya, ta ɗauko tsohon kwabo ta shiga kankare ni da gefensa, layi layi. Na yi ihu, na kira Inna, ita kuwa tana ta yi mini magana a hankali da harshenta kamar mai lallashin jariri. Bayana ya yi ja kamar an zane ni da dorina. Rohima ta ce haka suke fitar da muguwar iska daga jiki. Na ce mu ma muna da wanzamai masu ƙaho, ba mu da bakin yi muku dariya. Ko kwabon ne, ko maganin kemis ne, Allah ne masani, na dai yi gumi na sami sauƙi. Duk kwanakin nan Mak ce ke ba ni kunun shinkafa a baki, ita ke wanke mini kaya, ita ke riƙe ni a matakala in zan zaga.

Da na miƙe na ce ni ma sai na yi musu girki. Na kwance daddawa, Mak ta shinshina, ta fashe da dariya, ta ruga ta ɗauko wani tulu na ruɓaɓɓen kifi da suke sa wa miya ta kanga mini a hanci. Muka yi ta dariya, ba wadda ta fi wata. Shinkafarsu kuwa kamar don tuwo aka halicce ta. Na tuƙa, na kaɗa miyar kuka, maƙwabta suka cika gidan suna koyon yanka loma.

Ran da za mu tafi saura kwana ɗaya, muna zaune a baranda da hantsi muna tsince shinkafa, ni da Mak da Rohima. Nazifi yana ƙasa wajen matakala. Dama Rohima ta riga ta ba ni labarin mahaifiyarta: tana yarinya aka yi wata muguwar gwamnati da ta hana salla ta karkashe mutane, duk ɗakinsu ita kaɗai ta tsira. Mijinta ya rasu. Ɗanta namiji ya tafi aikin jirgin kamun kifi a teku, bai dawo ba. Mak ta fara magana ba ta ɗago ba, Rohima tana mayar mini da Turanci.

"Ta ce ki gai da mahaifiyarku. Ta ce ta san abin da ake nema a wurin Inna ba ƙarami ba ne. Ta ce in ta ƙi, ba ta yi laifi ba."

Mak ta ci gaba. Maimakon ta fassara, sai Rohima ta tashi ta shige ɗaki. Na leƙa ƙasa na ce, "Nazifi, me ta ce?"

Ya ɗago kai ya ce, "Ta ce in Inna ta yarda da auren, Rohima ta bi ni Nijeriya. Wai mace ce ta haife ni, kuma tana jirana. Wai ita ta saba zama ita kaɗai, ta iya."

Na dubi tsohuwar. Murmushi take yi mini, amma tana tsince shinkafa mai kyau tana zubarwa tare da tsakuwa. Na ce zan kai saƙo.

Na iso gida an fara yankan gero. Sai da 'yan sannu da zuwa suka watse sannan Inna ta ce, "To, me kika gano?" Na faɗa mata komai, har da abin da Nazifi ya ce a Angkor, har da maganar Mak, ban rage ba.

"Ke kuma kika ce me?"

"Inna, na kasa cewa a'a."

Ta jawo ƙwaryar gyaɗa ta ci gaba da ɓara. Kwanaki ba ta ƙara tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Rannan da safe ina shirin tafiya makaranta sai ga ta ta yi sallama a gidana, abin da ba ta saba ba.

"Kira mini matar nan a wayar da ake ganin mutum."

Na kira Nazifi, aka yi sa'a yana ƙauyen. Fuskar Mak ta cika wayar. Tsofaffin biyu suka yi wa juna sallama, suka tsaya kallon juna. Nazifi ne tafinta.

"Ka gaya mata ta riƙe 'yarta," in ji Inna. "Ni ina da masu miƙo mini ruwa. Baffanku zai kira a sa rana."

Ya faɗa. Mak ta rufe baki da gefen ƙyallenta.

"Ka kuma gaya mata, kai in ranka ya ɓaci ba ka faɗa, sai dai ka rage cin abinci. Tun kana yaro haka kake. Ta riƙa duba kwanonka."

Nazifi ya sunkuyar da kai.

"Ka faɗa mata mana! Ko sai na nemo wani tafintan?"

Ya faɗa. Mak ta juya ta dube shi sama da ƙasa, ta ce wani abu gajere. Muka jiyo dariyar Rohima daga baya.

"Me ta ce?" in ji Inna.

"Ta ce ai ta riga ta lura."

Inna ta gyaɗa kai a hankali. Ta miƙo mini wayar, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce in yi sauri kada in makara.